Zangon da Ba a Tashi Ba

A birnin Akra akwai unguwar da ake kira Sabon Zango. A Kumasi akwai Zango, har da sarkinsa. Haka a Lome, haka a Kwatano, haka a Yamai. A Damagaram ma, idan ka fito daga Birni, Zango ne maƙwabcinsa. Mutanen Gana sukan ce "zongo", amma duk Bahaushen da ya ji kalmar ya san tasa ce. Ma'anarta ce ke ɗaure kai. Zango wuri ne da matafiyi ke sauke kaya, ya shayar da dabba, ya kwana, asuba ta yi ya ɗaura ya wuce. Shi ya sa ake cewa an ya da zango, an ci zango, saura zango biyu a isa. Ko zangon karatu na 'yan makaranta, ana kiran sa haka ne domin yana da ranar ƙarewa.

To amma waɗannan unguwanni gidajen bulo ne da siminti, da masallatan Juma'a, da makarantun allo da na boko, da mahauta, da maƙabartu. Za ka sami dattijon da aka haifa a zango, aka haifi ubansa a zango, kakansa ma nan aka yi masa sutura. Hausa kuwa ba ta rasa sunan da za ta raɗa wa irin wannan wuri ba. Akwai unguwa, akwai tunga, akwai sabon gari. Har mutumin da ya je baƙunta ya zauna tana da sunansa, kaka-gida. Me ya sa aka bar wurin zaman shekara ɗari da sunan kwana ɗaya? Wa ya ya da wannan zango? Ina ya nufa, kuma me ya hana shi tashi?

Sawun farko: hanyar Gwanja

Wanda ke neman ɓatacce, daga inda aka yi masa ganin ƙarshe yake farawa. Idan aka jera tsofaffin garuruwan da Hausawa suka zauna a yammacin kogin Kwara, za a ga ba a warwatse suke ba, a kan layi suke. Layi ɗaya ya haye Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya shiga ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki da Jugu. Wani kuma ya tashi ta Jega, ya bi ta Gaya da ƙasar Gurma, ya faɗa Sansanin Mango, ya gangara Yandi ta Dagwamba. Dukansu wuri ɗaya suke tuƙewa: Salaga, a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yau.

Abin da ke jan mutane zuwa can goro ne. Ƙasar Hausa tana cin goro a biki da suna da gaisuwar manya, amma goron da ta fi so a dazuzzukan Ashanti yake tsirowa, ƙasar mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Alaƙar ta daɗe. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Sai dai a ƙarni na 19 ne fataucin ya kai ganiyarsa, a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari.

Tsakanin Kano da Salaga ya haura kilomita 1,000, ko da a miƙe aka auna. Da jaki da takarkari da ɗan dako, zuwa kaɗai wata biyu ne ko uku. Zuwa da dawowa kuwa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara. Ba tafiyar mutum ɗaya ba ce. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama, cikin ƙasar Bargu, yana dawowa daga Gwanja da mutum fiye da 1,000, maza da mata, da dabbobi masu yawa. Irin wannan taro ba ya tafiya sai da tsari. Akwai madugu, shi ne mai yanke magana. Akwai jagaba, mai shiga gaba ya duba hanya. Akwai uban dawaki, mai kula da biyan kuɗin hanya. Akwai malamin ayari, mai rubutu da addu'a da zaɓen ranar tashi. Suna tafiya da kanwa, da riguna da zannuwan rini, da jan fata, da tozali, da busasshiyar albasa, da dabbobi. Har da bayi, domin Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata a rufe shi ba.

Ayari yakan tashi da sassafe, ya sauka kafin rana ta yi tsanani. Inda ya sauka, wajen gari ne, kusa da ruwa. A kafa bukkoki, a kewaye dabbobi, mata su hura wuta, madugu ya aika wa sarkin gari gaisuwa, a biya fito idan akwai kogi a gaba. A dawowa aikin ya fi yawa, domin goro ba ya son sakaci: a kwance huhu, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama tun bai ɓata 'yan'uwansa ba. Wannan shi ne zango na asali, kuma da shi mun sami amsar tambaya biyu. Fatake ne suka ya da shi, Gwanja suka nufa.

Amma amsar ba ta cika ba. Zangon ayari, in an tashi, toka yake bari da kashin jaki. Damina ɗaya ta isa ta shafe shi. Yaya aka yi toka ta zama katanga?

Sawu na biyu: wanda ya zauna domin wasu su wuce

Sai mu dubi abin da falke ke bukata idan ya sauka a ƙasar da ba ya jin harshenta. Yana bukatar wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya kada a sace, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan aka ba da bashi, ya yi masa tafinta a fada idan rigima ta taso. Ba zai sami wannan a wurin wanda suka zo tare ba, domin shi ma baƙo ne. Dole sai wanda ya riga shi zuwa, ya zauna, ya san gari, gari ya san shi. Wannan mutum shi ne maigida, ko fatoma. A ƙarƙashinsa akwai dillalai masu cin la'ada. Arzikinsa ya dogara ga amana: idan ya ci amanar falke ɗaya, labari zai riga ayari isa Kano, baɗi ba wanda zai sauka gidansa.

Da maigida ya kafa gida, sauran sai su biyo. Mahauci ya zauna, domin matafiyi Musulmi yana son naman da ya san wanda ya yanka. Wanzami ya zauna, da maɗinki, da baduku mai gyaran kayan jaki. Malam ya zauna, domin akwai yaran da za a koya wa karatu, da auren da za a ɗaura, da gawar da za a sallata. Wani jakinsa ne ya mutu. Wani jarinsa ne ya karye, kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana. Wani damina ce ta tare shi, koguna suka cika, ya ce bari ya jira kaka. Kafin kaka ta zo ya yi aure.

Sarakunan ƙasar ma suna da riba a ciki. Ayari yana kawo kuɗin shiga da kayan da babu a garin, malaman baƙi kuma suna rubuta wa fada wasiƙu da layu. Saboda haka sarki yakan nuna wa baƙi fili a gefen gari, ya ce su zauna, su naɗa babbansu, shi zai riƙa magana da yawunsu. Filin da ake nunawa kuwa sau da yawa shi ne dai inda ayari ya saba sauka. Sunan ya riga gidajen zuwa wurin. Da aka fara gini, ba wanda ya ga dalilin sauya shi, tunda har lokacin ayari na zuwa duk rani, yana sauka, yana tashi. Ko a ƙasar Hausa da maƙwabtanta haka abin ya kasance: Zangon Daura, Zangon Aya, Zangon Katab, da Zangon Damagaram inda fatake da Buzaye masu raƙuma ke sauka a wajen ganuwa.

Wannan ya warware batun garuruwan da ke kan hanya. Sai dai ya haifar da wata tambayar da ta fi ta farko wuya. Zanguna mafi girma a yau suna Kumasi da Akra. Kumasi tana tsakiyar kurmi, inda ƙudan tsando ke kashe jaki. Akra tana bakin teku. Babu ɗayansu da ke kan hanyar ayarin goro. To wane ayari ne ya sauka can?

Sawu na uku: ƙofar da aka rufe, da ranar da ta ɓalle

Kafin a gane yadda aka shiga kudu, sai an gane abin da ya hana shiga tun farko. Tun tsakiyar ƙarni na 18 ƙasar Gwanja ta shiga ƙarƙashin ikon Ashanti. Sarakunan Kumasi sun san darajar goronsu, ba su kuma yarda baƙo ya je har gindin bishiya ya saya da araha ba. A ƙarni na 19 sun tsare fataken arewa a kasuwannin bakin iyaka, mafi girma a cikinsu Salaga. Mutanen Ashanti ne ke ɗauko goro a ka daga kurmi su kawo, Bahaushe ya jira su a can. Shi ya sa Salaga ta cika ta batse, har ake mata kirari da yawan rijiyoyi, domin ruwan sha ya yi wa jama'arta kaɗan. Ita ce zangon ƙarshe, inda jira ya fi tsawo, inda masu masauki suka fi ƙarfi.

Yanzu sai a dubi shekaru. A watan Fabrairu na 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙona ta. Da labari ya isa arewa, Gwanja ta yi wa Ashanti tawaye. Ashanti kuwa ta rama da abin da ya fi yi wa Salaga ciwo: ta janye goro, ta karkata shi zuwa wasu kasuwanni, musamman Kintampo. Kasuwar Salaga ta fara mutuwa a tsaye. A 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan gidan Gwanja, aka ci garin, baƙi suka watse. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo, da yawa suka gangara Kete-Karaci a bakin kogin Bolta.

Cikin waɗanda suka bar Salaga a wannan hargitsi akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ɗan mai fataucin goro, malami kuma mawallafi da Larabci da Hausar ajami. Bai koma Kano ba. Ya ƙare a Kete-Karaci, ya zama limaminta, almajiransa suka bazu cikin zangunan ƙasar, a can kuma ya rasu a 1934. Rayuwarsa kaɗai ta isa ta nuna inda iska ta kaɗa: da zangon ƙarshe ya rushe, mutanensa da yawa gaba suka ƙara, ba su juya baya ba.

Gaba kuwa ƙofa ta buɗe. A 1896 Ingila ta sake shiga Kumasi, ta kama Sarki Prempeh na ɗaya ta kai shi gudun hijira. A 1900 aka yi yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta, bayansa Turawa suka mallake ƙasar baki ɗaya. Dokar da ta hana falke shiga kurmi ta faɗi tare da masu ita. Akwai kuma wani rukuni da ya zo tare da Turawan: sojojin da ake kira Hausawa, waɗanda John Glover ya fara tarawa a Ikko a shekarun 1860, aka kawo su yaƙin Ashanti. Ba dukansu Hausawa ba ne a jini, amma Hausa suke ji, da ita ake ba su umarni. Da suka ajiye kaki, da yawa sun zauna kusa da bariki, suka haɗu da 'yan kasuwa da malamai.

A Akra, wadda ta zama hedikwatar mulkin mallaka a 1877, Malam Idirisu Naino, mutumin Katsina, ya sami fili daga hannun mutanen Ga, aka kafa Zangon Malam. Da wurin ya cika, rigingimun shugabanci suka yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya nemi wani fili a bayan gari wajen 1910, ya kafa Sabon Zango. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, ya kafa Nima. Ga amsa ta uku ke nan: ba ayari ne ya kafa zangon Kumasi ko na Akra ba. Mutanen da suka tashi a zangunan hanya ne suka ɗauko tsarin gaba ɗaya, da maigida, da liman, da sarkin zango, da sunan, suka dasa a sabon wuri.

Sawu na huɗu: hanya ta mutu a bayansu

Har yanzu da sauran magana. Mutum yana iya zuwa Kumasi ya sayi goro ya koma. Me ya sa komawar ta gagara?

Domin hanyar da za a bi a koma ta daina aiki. A 1903 layin dogo daga Sekondi ya isa Kumasi. A 1911 na Ikko ya isa Kano. Tsakanin biyun kuma ga jiragen ruwa suna zirga-zirga a gaɓar teku. Goron da ke shafe watanni a bayan jaki, yana bushewa, ana biya masa kuɗi a kowace masarauta, sai ga shi yana isa Kano cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin gidan Agalawa masu fataucin Gwanja, yana cikin waɗanda suka fara gane haka. Ya zauna a Akra, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Shi ya koma, domin ya sami abin da ya fi goro a gida. Dubbai ba su samu ba. Daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin goron Gwanja a wajejen Agege da Shagamu, kasuwa ta ƙara matsowa kusa da Kano. Madugu da jagaba suka zama sunayen da ake gada, aikin kuwa ya tafi.

A daidai wannan lokaci ƙasar Gana, wadda ake kira Gaɓar Zinariya a wancan zamani, ta buɗe wasu ƙofofin neman abinci: gonakin koko, ramukan zinariya, tashar jiragen ruwa, cinikin shanu. Sai ga Mosawa, da Zabarmawa, da Dagwamba, da Fulani, da Wangarawa, da Kotokoli, da Yarabawa, kowa da ƙunshinsa. Baƙon da ya sauka a tasha ba ya tambayar komai sai hanyar zango, domin can ne zai sami tabarma da tuwo da wanda zai kai shi wurin aiki. Kowace ƙabila ta naɗa sarkinta, amma harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci Hausa ce, har ta sami launinta na can da ake kira Gananci. Yau mutum yana iya zama ɗan zango cikakke, Hausa ce harshen da ya buɗe baki da shi, alhali babu Bahaushe ko ɗaya a kakanninsa. Abincin zango ma ya fita daga zango: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake, tuwo da zafinsa, fura, duk sun zama cimar 'yan Gana ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba.

Wannan ya ba mu wani ɓangare na dalilin da ya sa sunan bai mutu ba. Ko da masu gidajen sun zauna, ɗakunan baƙinsu ba su taɓa zama babu kowa ba. Ayarin jakuna ya ƙare, ɗan ci-rani ya maye gurbinsa.

Sawu na ƙarshe: niyya da ƙasa

Saura tambaya ɗaya, ita ce mafi nauyi. Jikan da bai taɓa ganin Kano ba, me ya sa har yanzu sunan unguwarsa ke cewa wucewa zai yi?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san inda fiƙihun Malikiyya ya ja iyaka tsakanin matafiyi da mazauni. Matafiyi yana yin ƙasaru, ya mayar da salla mai raka'a huɗu biyu. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, sai ya cika. Idan kuwa bai yi niyyar ba, kullum yana sa ran gobe bukatarsa za ta biya ya tashi, hukuncin tafiya bai rabu da shi ba ko da kwanakin sun yi yawa. Abin lura a nan shi ne, niyya ce ke raba zango da zama, ba yawan kwanaki ba. Mutanen zango sun daɗe da cika salla, sun gina masallatan Juma'a. Amma a zuci, da yawa daga cikin na farkon ba su taɓa yanke cewa sun bar gida ba. Ba wanda ya ce ba zai koma ba. Cewa ake yi sai an tara jari, sai an aurar da yarinya, sai bayan Salla, sai baɗi in Allah ya kai mu. Ɗage tafiya aka yi ta yi, ba a fasa ba, har mai ɗagewar ya rasu, 'ya'yansa suka gaji gidan tare da alkawarin.

Ana iya gwada wannan bayani a wata hanyar daban, a ga ko zai tsaya. A gabas, Makka ake nufa. Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, maniyyaci yakan taka ta Barno da Wadai da Darfur, yana tsayawa yana noma ko dako domin ya sami guzurin zango na gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin yana nan da sunansa har yau. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban 'yan Afirka ta Yamma suka zama ma'aikata a ciki. Masu bincike sun tarar da zuriyarsu, har jikoki da tattaɓa-kunne, suna kiran kansu masu hanyar Makka. Can ibada ce, nan kasuwa, amma abin da ya faru iri ɗaya ne.

Sai dai niyyar baƙo rabin amsar ce. Ɗaya rabin yana hannun mai masauki. A ƙasar Ashanti da ta Ga, ƙasa ta kujerar sarauta ce ko ta dangi. Ana iya ba baƙo ya zauna, ya gina, ya bar wa ɗansa, amma asalin ƙasar ba ya fita daga hannun masu ita, kuma asalin mutum ana ƙirga shi ne daga garin kakanninsa, ba daga inda aka yanke masa cibi ba. Turawan mulkin mallaka sun ƙarfafa wannan rabo, domin ya sauƙaƙa musu mulki: ga 'yan ƙasa da sarakunansu, ga baƙi da nasu. A kunnen mai masauki, sunan zango yana riƙe da wani sharaɗi da ba a furta ba, wanda karin maganarmu ma ta san shi: baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Ba a gane nauyin wannan sharaɗi ba sai da aka sami 'yancin kai, aka ja iyakoki, aka fara tambayar takarda. A 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya, alhali suna gaban kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fice. Mutane fiye da dubu ɗari suka tashi, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da 'yan Togo. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Cikinsu akwai waɗanda aka ce su koma gida, alhali ba su san kowa a gidan ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Nijeriya ma ba ta da bakin yin gori, domin a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, kusan 'yan Gana miliyan ɗaya suka kama hanya.

Abin da binciken ya bari a hannunmu

Yanzu ana iya jera amsar. Fataken goro ne suka ya da zango. Masu masauki suka mayar da shi gida, domin tafiyar wasu ba ta yiwuwa sai da zamansu. Faɗuwar Ashanti da rushewar Salaga suka tura tsarin zuwa kurmi da bakin teku. Jirgin ƙasa da na ruwa suka kashe hanyar komawa. Sunan kuma ya rayu domin baƙo bai taɓa cewa ya zauna ba, mai gari bai taɓa cewa ya zama ɗan gida ba.

Zangunan Gana sun wuce wannan matsayi da ƙafarsu. Babban Limamin ƙasar tun 1993, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, an haife shi a Akra a 1919, kuma Musulmi da Kirista suna girmama shi. A 2017 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata da asusu na musamman domin raya zanguna, wato hukuma da kanta ta amsa cewa unguwannin da aka daɗe ana barinsu babu magudanar ruwa, babu isassun makarantu, na 'yan ƙasa ne. Matasansu suna faɗin "ni ɗan zango ne" da ƙarfin murya.

Darasin bai tsaya a Gana ba. Rikicin Zangon Katab na 1992, wanda ya taso kan sauya wa kasuwa wuri, ya ci rayuka masu yawa, kuma a ƙarƙashinsa tambayar nan ce dai: wa ke da ƙasa, wane ne baƙo, har yaushe baƙunta ke ƙarewa? A garuruwanmu ma akwai Sabon Gari, inda jikokin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwar kudu suka haura shekara ɗari, suna jin Hausa kamar kowa, amma idan aka zo neman takardar shaidar asali ko gurbin karatu sai a tuna musu garin da kakansu ya baro. Mu da aka nuna wa kakanninmu fili a Salaga da Kumasi da Akra da bakin Nilu, muka kuma ɗanɗana abin da mako biyu na 1969 ya yi wa 'yan'uwanmu, mu ya fi kamata mu fara cewa wanda aka haifa a wuri, ya yi wahalarsa a wurin, ya binne iyayensa a wurin, ɗan wurin ne, a ba shi takardarsa da haƙƙinsa ba tare da an tambaye shi ranar tashinsa ba.